Yadda Ake Auna Lokacin Cike Katin Sauka na Intanet Kafin Tafiya Ƙasar Waje

Shagona na kwamfuta yana Samaru a Zariya, kuma tun da ƙasashen Asiya suka fara maye gurbin 'yar takardar nan da ake raba wa fasinjoji cikin jirgi da fom na intanet, da wuya mako ya wuce ban cike wa wani ba. Akwai malamai masu tafiya digiri na uku a Malesiya, akwai masu kai mara lafiya Indiya, akwai 'yan kasuwar Sabon Gari masu zuwa sarin kaya Bangkok. Cike fom ɗin kansa bai fi minti goma ba. Lokacin cikewar ne ke kayar da mutane. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to wannan goran kuma ba ya fafuwa mako guda kafin tafiya. In ka yi sammako shafin ya ƙi karɓar ranarka. In ka yi nawa ka tsinci kanka tsaye a filin jirgin mutane kana laluben intanet da wayar da cajinta ke shirin mutuwa.

Abu ɗaya kafin mu shiga: katin sauka ba biza ba ne. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga Malesiya, Tailan, Singafo ko Indiya, kuma ita tun da wuri ake nemanta. Katin sauka sanarwa ce kawai ga jami'an shige da fice cewa wane zai iso ranar kaza a jirgi kaza, zai kuma kwana wuri kaza. Ba ya ba ka izinin shiga, amma rashinsa yana tsayar da kai. Kyauta ne kuma a duk ƙasashen nan huɗu.

Abubuwan da za ka ajiye a gabanka

Fasfonka na ainihi, ba hotonsa da ke cikin waya ba, kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare.

Tikitin jirgi, wanda ke nuna kowane zango da lambar jirginsa da ranar sauka.

Bizarka. In ɗalibi ne mai zuwa Malesiya karon farko, haɗa da takardar amincewa da makaranta ta turo maka.

Cikakken adireshin masauki: sunan otal ko makaranta ko asibiti, titi, gari, jiha da lambar yanki ta gidan waya. "Wajen ɗan'uwana zan sauka" ba adireshi ba ne. Ka kira shi tun da wuri ya turo maka a rubuce ta WhatsApp.

Imel da ke buɗewa a wayar da za ka yi tafiya da ita. Kada ka bayar da na ɗanka ko na mai shago.

Katin allurar shawara, wanda muke kira yalo kad. Shi kam kishiyar katin sauka ne, don ba ya fara aiki sai an kwana goma da yin allurar. Wanda ya yi ta ana saura kwana huɗu ya tashi, kamar bai yi ba ne a wajen ma'aikatan lafiyar can.

Sai waya mai caji da data, biro da takarda, da firinta in da hali.

1. Ka san ƙa'idar ƙasar da za ka

Kowace ƙasa da sunan katinta da tsawon lokacin da ta yarda a cike shi. Na Malesiya sunansa MDAC, ya zama wajibi daga Janairun 2024, ana cike shi cikin kwana uku kafin isowa. Na Tailan TDAC ne, ya fara aiki ranar 1 ga Mayu 2025, shi ma kwana uku. Singafo ta rigaye su, tun 2020 ta daina amfani da katin takarda, nata SG Arrival Card shi ma kwana uku ne. Indiya ta shigo da nata ranar 1 ga Oktoba 2025, ita da awa take lissafi, awa 72 kafin sauka. Filifin ma awa 72 ce, Indunusiya kuwa kwana uku.

Kula da kalmar "cikin". Mutane da yawa suna juya ta, su ɗauka ana nufin sai ka cike aƙalla kwana uku kafin tafiya, in ka wuce haka ka makara. Ba haka ba ne. Ƙofa ce da ba ta buɗewa sai saura kwana uku, kuma a buɗe take har ka isa gaban jami'in. Wani bawan Allah ya taɓa zuwa mini hankali tashe ana gobe zai tashi, har yana maganar ɗage tikiti wai lokaci ya ƙure masa, alhali a ranar ma ya fi dacewa ya cike.

In ratsawa kawai za ka yi ta filin jirgin ƙasar, wato ka sauka ka canza jirgi ba tare da ka bi ta wajen masu buga hatimi ba, ba ka buƙatar katinta. Amma in tikitinka biyu ne daban-daban, har sai ka fita ka ɗauki kaya ka sake auna su, to ka shiga ƙasar ke nan, da biza da kati duk sun hau kanka.

2. Fitar da ranar saukarka ta gaskiya

Ɗauki biro. Ba ranar da za ka bar Zariya ake so ba, ba kuma ranar da jirgi zai tashi daga Kano ko Abuja ba. Ranar da ƙafarka za ta taka ƙasar ake so, da agogonsu. Duba zangon ƙarshe a tikitinka. Lokutan da ke jikin tikiti kowanne da agogon garin da aka rubuta kusa da shi ne, saboda haka ba sai ka ƙara ko ka rage komai ba. Wani lokaci za ka ga an sa +1 kusa da lokacin sauka, ma'ana washegari. Wannan 'yar alamar ta sa mutane da yawa sun rubuta ranar da ba ita ba.

Rubuta abu uku a takarda: ranar sauka, ƙarfe nawa, da lambar jirgin ƙarshe. A kula da jirgin da ke sauka bayan sha biyun dare. In an rubuta 00:40 ranar Laraba, Laraba ce ranarka, ko da a ranka kana jin daren Talata ne.

3. Lissafa ranar da ƙofa ke buɗewa

Nan ne aikin yake, saboda haka zan ɗan zauna a kai.

Singafo ta faɗa a fili cewa ranar sauka tana cikin kwana ukun. Ni kuwa duk masu cewa kwana uku haka nake lissafa musu, don shi ne lissafi mafi tsauri, kuma wanda ya bi shi ba ya fita daga ƙa'idar kowa. Yatsu uku kawai: ranar sauka ɗaya, jajibirinta biyu, ranar da ke kafin jajibirin uku.

Mu ce za ka bar Zariya safiyar Litinin, ka hau mota a Kwangila zuwa Kano, ka tashi da rana daga filin jirgin Malam Aminu Kano, ka yada zango a Adis Ababa, ka sauka Kuala Lumpur ranar Talata. Talata ɗaya, Litinin biyu, Lahadi uku. Ranar Lahadi ƙofarka ke buɗewa. Wanda ya yi lissafi daga ranar tashi zai zo mini ranar Juma'a bayan masallaci yana cewa saura kwana uku, in buɗe shafin, kalandar da ke ciki ta ƙi barinsa ya taɓa Talata.

Sai bambancin agogo. Malesiya da Singafo da Filifin suna gabanmu da awa bakwai. Tailan da birnin Jakarta awa shida. Indiya awa huɗu da rabi. Wato lokacin da muke shirin sallar magariba ranar Asabar a nan, su can Lahadi ta riga ta shiga, don sha biyun daren Kuala Lumpur daidai yake da ƙarfe biyar na yammarmu. Wannan yana iya yi maka rana in kana cikin matsi, sai dai ban cika son a dogara da shi ba. In ka gwada daren Asabar wayewar Lahadi kalanda ta ba ka ranarka, to madalla. In ta hana, kada ka yi ta fama, ka kwanta ka sake gwadawa da safe.

Masu lissafi da awa kuwa sai ka mayar da lokacin sauka zuwa agogonmu tukuna. Jirginka zai sauka Delhi ƙarfe takwas na safiyar Laraba. Cire awa huɗu da rabi, ya zama uku da rabi na daren Talata wayewar Laraba a Zariya. Koma baya kwana uku cur, ka faɗa uku da rabi na daren Asabar wayewar Lahadi. Daga asubahin Lahadi kana cikin awa 72. Ranar Asabar da yamma ba ka shiga ba, ko da shafin bai hana ka ba.

Babban kuskuren da nake gani a nan shi ne dabara. Kalanda ta hana mutum ranarsa, sai ya zaɓi wata ranar da ta bari don dai ya samu takarda ya riƙe. Katin da ranarsa ba ta dace da ranar saukarka ba bai da amfani, ga shi kuma ka sa hannu a kan bayanin da ba gaskiya ba a gaban hukumar shige da fice ta wata ƙasa. Kada ka yi, kada kuma ka bar wani mai shago ya yi maka.

4. Zaɓi lokacin da ya dace da hanyarka

Samun ranar buɗewa daban, sanin lokacin da ya fi dacewa daban. Shawarata ita ce ka cike a wuri na ƙarshe da kake da kwanciyar hankali, muddin ƙofa ta buɗe. Ga mafi yawan masu tashi daga Kano, wannan yana nufin jajibirin barin Zariya, da hantsi. Ba da dare ba. Daren tafiya gida cike yake da masu sallama da masu ba da saƙo, ga ɗaure kaya, kuma a nan ne ake rubuta lambar fasfo a karkace. Da hantsi, in wuta ta ɗauke ko netwok ya yi nauyi kana da sauran yini a gabanka.

Mai tashi daga Abuja lissafinsa yakan bambanta. Da yawa sukan bar Zariya kwana biyu kafin jirgi, su bi ta Kaduna su hau jirgin ƙasa a Rigasa, su kwana wajen dangi. In ka bar gida Juma'a, jirginka Lahadi, saukarka Litinin, ƙofarka sai Asabar, lokacin kana Abuja. To abin da za ka yi shi ne ka rubuta duk amsoshin a takarda tun kana gida, ka sa ƙararrawa a waya, ranar Asabar ka kwafe su. In ba ka saba da irin wannan fom ba, ka tura hoton takardar ga wanda ka yarda da shi ya cike maka, amma da imel ɗinka, kuma ya karanto maka komai a waya kafin ya tura.

Wanda ke da doguwar jira a Doha ko Adis Ababa, irin ta kwana guda, ya ƙara kula. Jiran yana tura ranar sauka gaba, yana kuma tura ranar buɗewa gaba da ita.

Kada ka bari sai kana cikin mota a hanyar Kano. Akwai wuraren da netwok ke yankewa, fom ya goge, ka koma farko.

5. Shiga shafin gwamnati, ba na 'yan damfara ba

In ka rubuta sunan katin a Google, sau da yawa na farko da ke fitowa talla ne. Shafuka ne masu kyan gani, da tutar ƙasar da komai, su karɓi bayanan fasfonka, a ƙarshe su nemi katin banki. Da zarar an nemi kuɗi, rufe. Rubuta adireshin da hannunka: na Tailan tdac.immigration.go.th, na Malesiya yana ƙarƙashin imigresen-online.imi.gov.my, na Singafo yana shafin ica.gov.sg ko manhajar MyICA, na Indiya yana indianvisaonline.gov.in.

Wata alamar da nake gane su da ita: shafin bogi yakan yarda ka cike wata guda kafin tafiya. Na gaske ba ya yarda. Mai shago in ya karɓi ladan aikinsa da na firintin, wannan daban. Amma duk wanda ya ce maka akwai kuɗin gwamnati a kai, ka ɗauki fasfonka ka fita.

6. Cike fom, fasfo a buɗe

Suna: yadda yake a fasfo, harafi da harafi. Mu nan mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a takardar makaranta, Mohammed a banki, Muhammed a fasfo. Na fasfo ake so. Sunan da aka rubuta a gurbin sunan dangi shi ne sunan dangi, ko da sunan mahaifinka ne ko na garinku.

Lambar fasfo: harafi ɗaya sai lambobi takwas. Duk abin da ya yi kama da O bayan harafin farko sifiri ne.

Ƙasa: a jerin ƙasashe Nijar tana saman Najeriya kai tsaye, kuma yatsa yana zamewa. Tamu NGA ce, tasu NER. Na taɓa gama cike wa wata Hajiya fom tsaf, sai da na zo karanta mata na ga na mayar da ita 'yar Nijar. Ta ce, "Malam, kakata ce dai daga Maraɗi, ni a Tudun Wada aka haife ni." Tun daga ranar ba na tura fom sai na karanta shi da ƙarfi mai shi yana ji.

Kwanan wata: duba tsarin shafin, wani yakan fara da shekara, wani da rana. Lambar waya: +234, ka jefar da sifirin farko. Lambar jirgi: ta jirgin da zai sauke ka a ƙasar, ba wanda ya ɗauke ka daga Kano ba. In an tambayi inda ka hau jirgi na ƙarshe, garin zango ake nufi.

Tambayar lafiya kuma a faɗi gaskiya. Tailan tana tambayar ƙasashen da ka zauna cikin mako biyu da suka wuce. Ka rubuta Najeriya, ko da ta Doha ka biyo. Za su nemi katin shawara, in ka sauka ka fara biyawa ta teburin ma'aikatan lafiya kafin layin hatimi. Ɓoyewa ba ta da amfani, fasfon da ke hannunka kore ne.

Iyali kowa da katinsa, har jariri. Shafin Tailan da na Singafo suna barin a haɗa mutum har goma a turawa ɗaya, in jirginku ɗaya ne.

7. Adana shaida ta hanya uku

In ka tura, saƙo zai shigo imel ɗinka. Na Tailan yana zuwa da lambar QR, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da waya, na Malesiya da lambar sirri da ake duba rajista da ita. In bai shigo cikin 'yan mintuna ba, leƙa akwatin saƙonnin banza kafin ka sake cikewa. Sauke takardar a waya, ɗauki hotonta ya zauna cikin hotunanka inda ba ya buƙatar data, sannan ka buga kwafi biyu, ɗaya cikin fasfo ɗaya a jakar hannu. Layinka na gida ba lallai ya yi aiki a can ba, kuma ma'aikatan jirgi suna iya neman ganin katin tun wajen auna kaya. In babu firinta kusa, hoton ya wadatar, amma ka tura shi ga abokin tafiyarka ko da wayarka za ta mutu.

8. In tafiya ta canza bayan ka tura

Jinkirin awa biyu ko uku da bai canza rana ba, ƙyale shi. In rana ta canza ko an mayar da kai wani jirgin, sai gyara. Shafin Tailan yana barin a gyara ranar sauka da lambar jirgi da masauki, amma ba ya barin a taɓa suna, lambar fasfo, ƙasa ko ranar haihuwa. Kuskure a ɗaya daga waɗannan sai sabon kati. Na Singafo ma yana da wurin gyara. Na Malesiya sabo nake cikewa da bayanin da ya dace, in yaga tsohuwar takardar don kada a miƙa ta bisa kuskure.

In an ɗage tafiyar da mako guda, kada ka yi komai yanzu. Koma mataki na uku da sabon tikiti, ka jira sabuwar ranar buɗewa.

9. In ka manta har ka bar gida

Ba a rufe ƙofa ba tukuna. Dama ta farko ita ce zaman jira a filin jirgin Kano ko Abuja, da datarka, bayan ka auna kaya. Ta biyu ita ce garin zango, inda akwai intanet na filin jirgi, sai dai wani yana neman lambar da za a turo ta saƙon waya, layinka kuwa shiru. Ta ƙarshe ita ce bayan sauka, kafin layin hatimi, inda za ka ga alluna masu lambar QR da ke kai ka shafin. Yana yiwuwa, mutane suna yi kullum, amma ka sani duk fasinjojin jirginku za su wuce ka, kuma in da mara lafiya kake tafe a keken guragu, tsayuwar nan ba ƙaramar wahala ba ce. Saboda irin wannan ranar, ka sa takardar nan mai adireshin masauki da lambar jirgi a aljihun gaban rigarka, ba cikin akwatin da aka auna ba, sannan ka bar wayar a kashe cikin jirgi don ka sauka da sauran caji.